Kofin da Kawu Istifanus Ya Shanye

Duk wanda ya taɓa cin abinci kwano ɗaya da Kawu Istifanus ya san ba a fara ci sai hancinsa ya ba da izini. Tuwo ne, shayi ne, ko ruwan famfo, sai ya ɗaga ya kai hanci, ya lumshe ido, ya ja numfashi har gashin bakinsa ya motsa, sannan ya ce, "To, hanci ya sa hannu." Na taɓa ganin ya shinshina wasiƙar da aka aiko masa daga Pankshin kafin ya buɗe, ya ce wanda ya rubuta ta ya taɓa daddawa. Aka buɗe, ashe ƙanwarsa ce, uwata, wadda ba ta miya sai da daddawa. Ranar ba wanda ya huta da cika baki a gidan nan.

Ni ce Saratu, 'yar ƙanwar tasa, nas ɗin nan ta Largo da kuke cewa bakinta ya fi allurarta zafi. Na san abin da wasunku suka yi shekara uku suna faɗa a bayan coci, wai gonar inabi ta ci Kawu, wai ya koma kwalba bayan shekara ashirin da huɗu. Yana raye ya hana ni magana. Yanzu ya tafi, ba mai toshe mini baki, kuma yau sai na wanke shi. Amma ku yi haƙuri in ɗauko daga farko.

Kakarmu, uwar Kawu, burkutu take dafawa, kuma a bakin tukunyarta Kawu ya yi wayo. Can ya samo hancin, can kuma ya samo shan. Ya sha har ranar da matarsa, Mama Rifkatu, ta haifi 'yarsu ta fari, aka yi ta nemansa gari ya ɗauka, sai aka tsince shi kwance a bayan wani gidan giya, takalmi ƙafa ɗaya. Kunyar wannan rana ce ta kai shi gaban fasto da matarsa ya yi alkawari ba zai ƙara ba. Tun daga nan, kowace sujadar sabuwar shekara sai ya miƙe, ya gyara hula, ya faɗi adadin. "Shekara goma sha tara, ko ɗigo!" Kun ji da kunnuwanku. Burinsa ya kai ashirin da biyar, har ya ce zai yanka rago ya kira kowa.

To ku dubi ikon Allah, wannan mutumin ne ya zama jagoran masu yawon gonakin inabi. A farkon shekarun tamanin, yana tuƙa tasi daga Woodbridge a nan ƙasar Turawa, ya ɗauki wani tsohon Bature da motarsa ta mutu, ya kai shi gonarsa can gaba da Middleburg. Baturen ya ce ya shigo ya ga inda suke ajiye gangunan giya. Kawu ya bi layi yana jan hanci, ya tsaya a kan ganga ta huɗu.

"Wannan ta fara tafiya," in ji shi.

"Tafiya ina?"

"Tsami. Nan da sati biyu sai dai ka zuba a salak."

Baturen ya yi dariya, ya ɗebo ya kurɓa, dariyar ta tsaya. Ya tambayi Kawu a wace makaranta ya koyi wannan. Kawu ya ce, "Makarantar uwata. Ba a ba da takarda, amma ana ba da mari." Daga ranar suka ƙulla abota, Kawu ya naɗa masa sarautar Sarkin Noma, kuma har yau ban tabbata wani a cikinmu ya riƙe sunansa na gaskiya ba.

Sai Kawu ya sayi wata tsohuwar bas mai cin mutum goma sha biyu, wadda ƙofarta ba ta rufuwa sai an ɗaure da igiya. Duk Asabar, daga ƙarshen zafi har a gama tsinke inabi, sai ya kwashe mu daga filin ajiye motoci na wani kanti a Fairfax, mu nufi yamma. Gona biyu, wani lokaci uku, a ƙare a ta Sarkin Noma. Ba ya wuce gudun keke, kuma bakinsa ba ya hutawa.

"Ku dubi hagu! Tsaunukan nan, ku cire dawakin masu kuɗi ku zuba awaki, Pankshin ke nan."

In an shiga ɗakin ɗanɗano, Turawa su fara bayaninsu na 'ya'yan itatuwan da ba mu taɓa gani ba, sai Kawu ya karɓi kofi, ya juya shi, ya tura hanci, ya fassara mana. "Wannan ɗinya ce, da ɗan hayaƙin kirya. Wannan farar kuma, tsamiya ce da ta kwana a randa. Wannan, kai! Ƙasar Jos ce bayan ruwan farko." Na ga wata malamar jami'a 'yar Kafanchan ta shinshina wannan ta ƙarshen ta fashe da kuka. Kawu ya miƙa mata hankici ya ce, "Yi a hankali, akwai sauran gona biyu."

Abin da bai taɓa yafe wa Turawa ba shi ne bokitin tofi. Ranar farko da ya ga mutane suna kurɓa, su wasa a baki, su tofar a bokiti, ya ɗauka wata cuta ce ta shigo gari. Da aka yi masa bayani ya riƙe baki.

"Sarkin Noma, wata nawa wannan abin ya yi a ganga?"

"Goma sha takwas."

"Ka yi shuka, ka yi noma, ka kori tsuntsu, ka jira wata goma sha takwas, don mutum ya zo ya kuskure baki? Da a ƙofar uwata ne, da muciya za ta raka shi gida."

Ya kafa wa fasinjojinsa doka: wanda ya san zai tofar kada ya karɓa, wanda ya karɓa ya haɗiye, kuma ba mai wuce kurɓa uku a gona ɗaya. Shi kansa hanci kawai. In ya gama shinshinawa sai ya miƙa wa na kusa da shi kofin, don ba a zubar da komai a gabansa.

Abinci kuwa, nasa yake tafe da shi. Gonakin suna ba da burodi da cuku da ɗan naman alade mai gishiri, amma Kawu ya ce wannan abincin tsuntsu ne. Kula biyu yake ɗaurawa a bayan bas: gwaten acca na Mama Rifkatu, masa, dambun nama, da kilishi in wani ya dawo daga gida. Shi ya gano jar giya tana tafiya da kilishi, har Sarkin Noma ya koma roƙon yaji a ƙullin leda. Wata rana matar Sarkin Noma ta kawo mana wani cuku mai shuɗin ɗigo-ɗigo, tana ta murna, ashe mai tsada ne. Kawu ya kai hanci, ya ja baya. Ya jira ta juya, ya fito da 'yar wuƙarsa, ya bi ya ƙwaƙule duk shuɗin nan tas, ya tara a gefen faranti. Sannan ya ja ta gefe, ya rage murya don kada ya kunyata ta.

"Madam, firjinki ya lalace. Amma kada ki damu, na gyara, ba wanda ya gani."

Matar nan ta yi dariya har ta zauna a kan ganga.

Ba 'yan coci kaɗai ke shiga bas ɗin ba. Likitoci da injiniyoyi Musulmi na Gaithersburg sun riƙa zuwa da iyalansu, don shan iska, da tsinkar inabi, da jin Hausa daga safe har yamma. Wasu ma su turo matansu da iyayensu su kaɗai, saboda Kawu ne. Ya sa Sarkin Noma ya riƙa matse musu sabon inabi a gabansu, a zuba a wasu kofunan kwano masu fure da ya taho da su daga gida, ita kuwa giya a bar ta a kofin gilashi. Ya raɗa musu suna: na kofin kwano Salihi, na gilashi Tantiri. Kuma ya haramta kalma ɗaya a motarsa, wato "ruwan inabi".

Kun san mu da muka tashi a coci, haka muke kiran giyar inabi, kalma mai tsabta, mai riga da hula. Shi kuwa mutumin Kano ko Zariya in ya ji ruwan inabi, abin da zai zo masa shi ne ruwan da aka matse daga inabi, kamar na lemo. Dattijo Yohanna na cocinmu ya taɓa tayar da gardama a kan wannan muna tsakiyar hanya.

"Haba Istifanus, ka riƙa cewa giya, giya, kamar muna zuwa gidan burkutu? Ruwan inabi ake cewa, haka fasto yake karantawa."

"Fasto yana karanta wa mutanen da suka san nufinsa. Ni ina ɗauke da uwar wani."

"Ai kalma ce kawai."

"Dattijo, a coci ka sa mata riga. A motata tsirara za ta tafi, kowa ya gan ta."

Ya taka birki a gefen titi, ya ƙi tashi sai da Dattijo ya furta "Tantiri" da bakinsa. Muka yi minti goma muna kallon shanun wani Bature.

Yanzu na zo kan maganar. Wata Asabar ce ta watan Oktoba, shekarar da ya miƙe ya ce ashirin da huɗu. Dakta Kabiru na Gaithersburg, abokinsa na kusa, ya zo da mahaifiyarsa, Hajiya Yalwa, wadda ta zo daga Zariya ganin jikoki. Tsohuwa ce mai fara'a, ta bi layin inabi tana tsinka tana cewa ashe abin nan ba a kwali yake fitowa ba. Da azahar ta yi, Dakta da sauran maza suka koma gindin wata bishiya yin salla. Kawu ya tafi bas ɗauko kula da kofunan kwano, ya bar mini Hajiya. "Saratu, ga amana," in ji shi.

Ranar an sami sabon ma'aikaci a gonar, bai san tsarinmu ba, ya jera kofunan gilashi a kan tebur ya cika su da ja. Ni kuwa daga aiki na wuto, idona kamar an zuba yashi. Hajiya ta nuna teburin.

"'Yata, wannan jan fa, mene ne?"

"Ruwan inabi ne, Hajiya."

Haka ya fito. Shekara talatin ina jin kalmar a coci, ita ta riga ni zuwa baki. Na juya ina amsa wa wata tambaya, ban ma san na yi ɓarna ba. Da na waiwayo, kofi yana hannun Hajiya, ya kai mata haɓa. Na kasa ko motsa harshe, ni da ake cewa ba a rufe mini baki.

Sai na ji ƙarar kula ta faɗi ƙasa. Mutumin da ba ya gudu ko ana ruwa, ban san yadda ya ƙetare filin nan ba.

"Hajiya, tsaya! Afuwa, ranki ya daɗe. Al'adar gonar nan, jagora ne yake fara sha."

Ya karɓe kofin da hannu biyu. Bai shinshina ba. Ya ɗaga kai ya shanye tas, ya dire kofin, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Wannan bai nuna ba, Hajiya, bai dace da ke ba. Bari in kawo miki na manya." Ya ɗauko kofin kwano, ya tsaya aka matse mata sabo a gabanta. Ta sha, ta sa albarka, ta ce a ƙaro.

Sarkin Noma ya ga komai daga bakin ƙofa. Ya matso a hankali, don shekara da shekaru yana roƙon Kawu ya ɗanɗana ko sau ɗaya.

"To, abokina, ya ka ji ta?"

"Ashe hanci ya daɗe yana rufa muku asiri. Wannan abin kuke yi wa layi?"

Na bi shi bayan bas ina kuka. Na ce, "Kawu, me ya sa ba ka zubar ba?"

"In na zubar ta tambaya. In ta tambaya, ko in yi mata ƙarya ko in ce 'yar ƙanwata ta miƙa wa uwar Dakta giya. Daga ranar wa zai ƙara ba mu uwarsa? Ke kuma da wane ido za ki dubi mutanen nan?"

"Ai ka yi ƙaryar, ka ce al'ada ce."

"Daga yau al'ada ce." Ya share gashin baki. "Kuma wata goma sha takwas, Saratu. A zubar?"

Ya zaro makulli ya miƙo mini, na bas ɗin da ko matarsa bai taɓa bari ta zauna a gaban sitiyarinta ba. Ya gaya wa mutane idonsa ne ke yi masa yaji. Ya koma kujerar baya ya riƙe igiyar ƙofa, daga can yake tuƙa ni har Fairfax. "Birki! Saratu, mota ce, ba gadon asibiti ba!" Al'adar kuwa ya riƙe ta, daga ranar duk Asabar shi yake fara kurɓar Salihi kafin a miƙa wa kowa.

A gida ya faɗa wa Mama Rifkatu komai tun bai cire takalmi ba. Ta dube shi ta ce, "Kofi nawa?" Ya ce ɗaya. Ta ce, "To wannan Allah ma ya gani, ba a ƙirga shi." Ya ce shi zai ƙirga. Muka roƙe shi, ni da ita, har na durƙusa. Ya ce alkawarin da ya yi ba shi da ƙofar baya.

Sauran kun gani. Ranar sujadar sabuwar shekara ya miƙe, ya gyara hula, kowa yana jira ya ji ashirin da biyar, wasu har sun fara lissafin naman rago. Sai ya ce, "Wata biyu da sati uku, ko ɗigo." Ya zauna. Ina jin wani a bayana yana cewa dama ya faɗa, mai yawo a cikin ganguna wata rana sai ya faɗa ciki. Na yunƙura zan tashi, Kawu ya waiwayo ya harare ni, na koma na zauna. Shekara uku ina haɗiye wannan magana, kuma ba ranar da ba ta yi mini ciwo ba. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ci gaba da ƙirgarsa daga ƙasa kamar ɗan aji ɗaya. "Shekara ɗaya!" "Shekara biyu!" Yana faɗa da ƙarfin da yake faɗin ashirin.

Bai kai ga faɗin ta huɗu ba. Zuciya ce, a watan jiya, yana cikin ɗaure kula a bayan bas.

Ranar kwana uku, Dakta Kabiru ya zo gaisuwa Woodbridge. Ya zauna a ƙasa tare da mutane, da zai tafi ya ce in raka shi mota. A nan ya ce yana da saƙo daga Hajiya, wanda ta ce kada ya isar sai in Kawu ba ya duniya. Ni kuwa a sanina Hajiya ba ta san komai ba.

Ya ce tun a ranar, suna isa gida ta kira shi ɗaki ta ce, "Kabiru, ni da na yi shekara goma ina sayar da abinci a bakin Sabon Gari, ban san warin giya ba? Tun kofin bai kai hancina ba na gane. Inda zan ajiye shi nake nema, kada in kunyata yarinyar nan, sai ga bawan Allah nan ya taho a guje." Dakta ya ba ta labarin alkawarin Kawu da shekarun da yake ƙirgawa. Sai ta ce, "To kada ka kuskura ka gaya masa. Mutumin da ya haɗiye alkawarinsa saboda ni, ba zan ce masa a banza ya yi ba."

Na tsaya a bakin motar nan ina dariya ina kuka, har Dakta ya rasa wanne zai rarrasa. Tsofaffi biyu, kowa yana rufa wa ɗaya asiri, ni ce sakaryar da ke tsakiya. Ya ce Hajiya tana Zariya, ƙafa ta hana ta fita, amma da ta ji rasuwar ta sa an dafa abinci an raba wa maƙwabta, ta ce a gaya wa iyalinsa ta yi rashin ɗa.

To jama'a, kun ji. Kawu bai koma kwalba ba. Kofi ɗaya ya sha, kuma nawa ne, ni na cika shi da bakina. Wanda ya faɗi wata magana a kansa, ya je ya gaishe da Mama Rifkatu, ba sai ya ce komai ba, za ta gane.

Ya Ubangiji, ga bawanka Istifanus nan ya zo. Ka san abin da ya sha, ka san dalilin da ya sa ya sha. Ka yafe masa taurin kai, ka ba shi hutawa a wurinka, ka riƙe Mama Rifkatu da 'ya'yansa, ka ƙara wa Hajiya Yalwa lafiya. Ni kuma ka koya mini rufa wa mutane asiri ko rabin yadda ya rufa mini. Amin.